Ƙaramar katafilar da ke tafasa kafin azahar

Na'urar ƙaramar katafilar haƙa ce, irin wadda ake kira eskabeta, nauyinta bai wuce tan biyu da rabi ba, ta hannu ce aka shigo da ita daga Turai. A cikinta akwai injin dizal ƙirar Kubota D1105 mai silinda uku, girmansa lita 1.1 da 'yan kai. Wani Alhaji ne ya saya yana ba da hayarta ga ƙungiyoyin manoman rani a yankin Auyo ta jihar Jigawa, inda ake noman shinkafa da alkama da ruwan kogin Haɗeja. Aikinta yasar ƙananan magudanan ruwa da ciyawar kacalla ta toshe. Duk wanda ya san wannan yanki ya san kacalla: ka sare ta bana, baɗi ta dawo ta fi da, kuma da rani kawunanta kan bushe su fashe, su riƙa sakin wani farin gashi mai laushi da iska ke yawo da shi ko'ina.

Ƙorafin kuwa guda ne. Da safe katafilar tana aiki lafiya lau. Daga misalin ƙarfe 11 sai allurar zafi ta fara hawa, kafin azahar ta shiga ja, ruwa ya riƙa fita ta ƙaramin tiyon da ke wuyan lagireto. Direba ya tsaya, a huta, a ƙara ruwa, a koma, bayan ɗan lokaci a sake. Ana cikin watan Afrilu, lokacin da zafin rana a can kan kai digiri 40 har ya wuce, manoma kuma sun biya kuɗin yini ana yi musu aikin rabin yini.

Kafin a kira ni, hannu uku sun riga sun taɓa injin. Na farko ya cire tamostat, wato 'yar ƙofar da ke sakin ruwa zuwa lagireto in injin ya ɗumama, ya jefar, ya ce abin ƙasar sanyi ne, mu nan ba ruwanmu da shi. Na biyu ya canza famfon ruwa. Na uku ya ce gaskit ne ya ƙone, wato shimfiɗar da ke tsakanin tof (kan injin) da jikinsa, sai an buɗe tof ɗin, a kai shi Kano a wanke fuskarsa. Alhaji ya kusa amincewa, abin da ya tsayar da shi kawai shi ne katafilar za ta yi kwanaki a kwance cikin ganiyar aiki.

Abin da direba ya sani

Ban fara da sifana ba. Na fara da direban, wani matashi da kowa ke ba shi umarni amma ba wanda ya taɓa yi masa tambaya.

Na ce, "Malam, in ta yi zafi ka saki aiki ka bar ta a silo, allurar sauka take yi ko tsayawa take?"

Ya ce, "Wallahi Oga sauka take. Ko minti biyar ba a yi sai ta dawo tsakiya."

"Da safe in ka tayar da ita, tana wahalar tashi? Kana ganin farin hayaƙi da ba ya yankewa?"

"A'a, bugu ɗaya take tashi. Hayaƙin ma ɗan kaɗan ne, nan da nan ya wuce."

"Ruwan da kuke ƙarawa fa, daga ina?"

Ya nuna magudanar da yake yasa. Wani lokaci kuma na burtsatsen gari.

Waɗannan amsoshi sun rage aikin da rabi. Injin dizal ba ya mayar da duk man da ya ƙona ya zama ƙarfi. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke zama aiki, kusan haka ke fita ta salansa, sauran kuma ruwa ne ke kwashewa ya kai lagireto, iska ta ɗauke. In ana aiki mai nauyi zafin da ake samarwa yana da yawa, in aka koma silo, wato injin yana juyawa a hankali ba a ba shi wuta ba, ya ragu ƙwarai. Don haka injin da ke zafi a bakin aiki amma yake hucewa da sauri a silo, abin da yake faɗa shi ne hanyar fitar da zafi tana nan, ba ta mutu ba, sai dai ta ƙuntata. Da ruwan ba ya zagayawa kwata-kwata, ko a silo zafin ba zai sauka haka ba. Sannan matsalar tana bin rana: babu ita da safe, tana zuwa da hantsi. Gaskit ba ya duba agogo. Abin da ke bin rana shi ne iskar da ke ratsa lagireto.

Duk da haka sai da na tabbatar allurar ba ƙarya take yi ba, domin wayar da ta goge ko ma'aunin da ya lalace kan sa a kwance injin da lafiyarsa ƙalau. Na yi amfani da ma'aunin zafi irin mai kama da bindiga, amma na gareji, ba wanda aka saba gani a ƙofar banki lokacin korona ba, wannan iyakarsa zafin jikin mutum. Muka sa katafilar a aiki har allura ta doshi ja, na auna gidan tamostat, ya haura digiri 100. Allurar gaskiya take faɗa.

Daga nan na auna tiyon sama da ke kai ruwa lagireto da tiyon ƙasa da ke dawo da shi. Wannan awo yana raba hanya biyu. In na sama yana ƙuna na ƙasa kuma ya huce da nisa, ruwa ne ba ya gudu yadda ya kamata, sai a nemi toshewa ko famfo. In kuwa duka biyun suna ƙuna, tazararsu 'yar kaɗan, to ruwa yana wucewa amma ba abin da ke sanyaya shi. A wannan katafila duka biyun zafi ne, hannu ba ya iya zama a kan ko ɗaya. Iska ce babu.

Direba ya ce ai kullum yana wanke lagireto, kuma ba ƙarya ya yi ba. In ka buɗe murfin gefe, fuskar da ido ke gani tas take. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Abin da yake wankewa ba lagireton ruwa ba ne, na sanyaya man haidrolik ne, wanda a wannan na'ura aka ɗora a gaban na ruwan, tsakaninsu tazarar da ba ta kai faɗin yatsu biyu ba. Na sa fitilar hannu ta bayan lagireto, ta wajen fanka, na ce ya leƙa ta gaba ya gaya mini inda yake ganin haske. Ya daɗe yana leƙe, sannan ya ce sai a kusurwa ɗaya ta sama.

Muka kwance notuna huɗu muka karkatar da na haidrolik ɗin ba tare da cire tiyonsa ba. Abin da ke tsakani ya ba Alhaji kansa mamaki. Gashin kacalla ne da ƙura suka haɗu suka danƙare kamar bargo, baƙi ƙirin, kaurinsa ya kai na ɗan yatsa, ya rufe kusan dukkan fuskar lagireto. Da na kama gefensa na ja, sai ya taso a haɗe, bai warwatse ba, kuma yatsuna suka yi maiƙo. Maiƙon nan shi ne tushen abin. A saman na'urar sanyaya man akwai mahaɗin tiyo da ke tsattsafo, ba ɗiga yake har ƙasa ba balle a lura, jiƙewa kawai yake, fanka tana jan feshin tana watsa wa lagireto. Busasshiyar ƙura kan shiga ta fita. Wadda ta samu mai kuwa zama take, gashi ya zo ya manne mata, wata ƙurar ta hau. Wankin da direba ke yi da bokiti ta gaba ma ƙara tura dattin ciki yake, ya jiƙa shi, rana ta gasa.

Wanke irin wannan yana son haƙuri. Muka ɓanɓare abin da hannu zai iya, muka jiƙa sauran da ruwan omo mai ɗumi, sannan muka aro injin iska wurin mai faci muka hura daga baya zuwa gaba, wato akasin hanyar da dattin ya shigo. Ban yarda a kawo injin wankin mota mai ƙarfi ba. Siraran ƙarafan da ke tsakanin bututan lagireto ba su da kauri, in ruwa mai ƙarfi ya buge su a karkace sai su kwanta, kuma wanda ya kwanta ya toshe iska har abada, sai an bi shi ɗaya bayan ɗaya da ƙaramin sukudireba. Aka canza wosha a mahaɗin da ke tsattsafo, aka ɗaure.

Washegari katafilar ta wuce ƙarfe 11, ta wuce azahar, Alhaji har ya fara godiya. Wajen ƙarfe 2 allura ta sake hawa. Ba ta shiga ja ba, amma ta tsaya a bakinsa, kuma da yamma ruwa ya ragu.

Ragowar laifuffukan

Nan ne masu injin kan karaya su ce a buɗe tof kawai a huta. A ganina wannan shi ne kuskuren da ya fi cin kuɗi a gyaran ƙananan injuna. Tsohon injin da ya sha hannu da wuya a same shi da cuta ɗaya. Ƙanana ne suke taruwa, kowace ta ci kaɗan daga ƙarfin sanyayawa, babbar cikinsu ta rufe sauran. Sai an kawar da babbar sannan ƙananan su nuna fuska.

Ta farko fanka ce. Wanda ya canza famfon ruwa ya cire ta, da zai mayar ya juya ta baibai. Mutane da yawa sun ɗauka in aka juya fanka iskar ce za ta koma ɗaya ɓangaren, da haka ne ma da an gane nan take. Ba haka abin yake ba. Iskar tana bin hanyarta ta da, sai dai ƙarfinta ya ragu sosai, domin kowane fiffike yana da ciki da baya, kuma cikin, wato gefen da ya lotsa, shi ne ya kamata ya fuskanci inda iskar za ta tafi. Wannan fankar jan iska take ta cikin lagireto zuwa wajen injin, amma cikin fikafikanta lagireto yake kallo. Noti huɗu ne gyaran.

Ta biyu soso. A gefunan lagireto masu ƙera na'urar kan manna soso ko roba don toshe tazarar da ke tsakaninsa da jikin katafila. Na wannan ya ruɓe ya zube, saura ɓurɓushi. Ɗakin injin ƙaramar katafila matsattse ne, iska mai zafi da fanka ta fitar in ta ga ƙofa a gefe sai ta zagayo ta sake shiga ta gaba, lagireto ya riƙa shaƙar numfashin kansa. Na riƙe ɗan tsumma a gefen, sai ga shi yana kaɗawa zuwa gaba. Muka yanko soso mai tauri muka manna da gam.

Fanbel kuma ya yi laushi, gefensa har yana ƙyalli. Ƙa'idar wannan injin ita ce in ka danna tsakiyarsa da ƙarfin kilo 10, ya lotsa milimita 7 zuwa 9. Wannan ya ninka haka. Aka sa sabo.

Sai murfin lagireto, wanda shi ne ke bayanin raguwar ruwa. Murfin ba marufi ba ne kawai. Yana riƙe matsi a cikin ruwan, kuma ruwan da ke cikin matsi ba ya tafasa da wuri. A buɗaɗɗiyar tukunya a yankin Haɗeja ruwa kan tafasa a wajen digiri 99. Da murfin da ke riƙe matsi mai awon bar 0.9, wanda shi ne na wannan injin kuma an rubuta a samansa, sai ya kai kusan 118 kafin ya tafasa. Da na juya murfin katafilar, robarsa ta tsage, sifirin ɗin ya yi tsatsa, da ɗan yatsa nake danna shi ba wata turjiya. Wato duk lokacin da ruwan da ke kewaye da kan silinda ya kai ɗari, tafasa yake ya tunkuɗo na sama waje. Akwai haɗari a nan da direbobi ba su cika sani ba: in ruwa ya ragu har ya bar ma'aunin zafi a sarari, allura tana iya sauka alhali injin yana ƙonewa, domin ma'aunin ba ya cikin ruwa. Allurar da ta hau sannan ta faɗo da kanta ana tsakiyar aiki ba albishir ba ce.

Batun tamostat kuwa sai da muka yi 'yar muhawara da Alhaji, domin maganar cewa na ƙasar sanyi ne ta zauna masa. Na ce, "Ranka ya daɗe, tun da aka cire shi zafin ya daina?" Ya ce bai daina ba. Tamostat ƙofa ce. Na wannan injin yana fara buɗewa a digiri 71, ya buɗe gaba ɗaya a 85. Injin da ya kai ɗari ƙofarsa a wangale take tuntuni, cire ta ba ya ƙara wa lagireto faɗi ko fanka ƙarfi. Abin da cirewar ke jawowa shi ne injin ya daɗe bai ɗumama ba, musamman da asubar hunturu, mai ba ya ƙonewa sosai, baƙin mai ya yi saurin lalacewa, ringi da silinda su riƙa cinyewa. A wasu injunan ma tamostat ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma famfo ba tare da ya shiga lagireto ba, in aka cire shi sai wani kaso na ruwan ya riƙa zagaye a ciki, a yi gudun gara a faɗa gidan zago. In ana zarginsa, gwajinsa ba ya cin ko kwabo: a rataya shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta, a ga ko zai buɗe kafin ruwan ya tafasa. Sabon da aka kawo daga Kano ma sai da muka yi masa haka kafin mu ɗaura.

Ya rage cikin lagireto. Da fuskarsa ta fita, na bi ta da ma'aunin zafi daga gefe zuwa gefe, sai na samu wani layi a tsakiya da ya fi sauran sanyi nesa ba kusa ba. Bututan wurin ba sa ɗaukar ruwa. Da muka zubar da ruwan, ja ne kamar na kududdufi, kuma in ka leƙa ta wuya za ka ga farin dutse ya kama bakin bututan. Aikin ruwan magudana da na burtsatse ke nan: laka daga wannan, gishiri da farar ƙasa daga wancan, tsatsa kuma daga jikin injin da ya daɗe bai ga kulant ba, wato ruwan sanyaya injin mai hana tsatsa. Duk ruwan da ya tafasa ya fita, dattinsa a ciki yake barinsa, a ƙara wani ya kawo nasa. Sa'ar da aka yi lagireton na tagulla ne, mai gyaran lagireto ya narke dalmar tankin sama ya cire, ya bi bututan da siririn ƙarfe. Biyu daga ciki sun ci har sun huje, ya toshe su da dalma.

Shin gaskit ɗin fa?

Zargin bakanike na uku ba shirme ba ne. Injin da ya tafasa sau da yawa yana iya ƙona gaskit ko tsaga tof, balle da direban ya faɗa mini cewa wani lokaci yakan zuba ruwan magudana mai sanyi injin yana ƙuna. Kuskuren kawai shi ne yanke hukunci ba gwaji. Da sassafe, injin a sanyaye, muka cika ruwa har wuya, muka bar murfi a buɗe muka tayar. Da gaskit ya buɗe hanya tsakanin silinda da ruwa, da an ga kumfa tana tasowa ba ƙaƙƙautawa, tana ƙaruwa in aka ba shi wuta. 'Yan ƙwayoyi ne suka fito na iskar da ta maƙale, suka ɗauke. Muka rufe murfi muka sake tayarwa, na riƙe tiyon sama: bai yi tauri nan take ba, sai a hankali yayin da ruwa ke ɗumama, yadda ya kamata. Baƙin mai a geji baƙi ne, bai koma ruwan madara ba, kuma bai ƙaru ba. Ban ga dalilin taɓa tof ba. Baƙin man dai mun juye shi da filtarsa, domin man da ya sha irin wannan zafi ya riga ya gaji.

Abu na ƙarshe a hannun direba yake. Na tsaya a bakin magudana ina kallonsa yana fama da saiwar kacalla. In bokiti ya maƙale, sai ya riƙe liba a ƙarshe yana jira, injin yana nishi, ana jin wani siririn kuka daga bawul ɗin haidrolik. Wannan kukan na man da ya rasa inda zai tafi ne yake tsallakewa ya koma tanki, kuma duk ƙarfin injin a wannan lokaci zafi yake zama a cikin man. Man ya tafi na'urar sanyaya shi, wadda ke gaban lagireto, ta gasa iskar kafin ta isa ga ruwa. Na ce masa in ya ji kukan ya saki, ya rage cizon bokitin, ya ɗebo sau biyu. Na kuma ce in ta yi zafi kada ya kashe nan take matuƙar akwai ruwa kuma fanka na juyawa, ya bar ta a silo ta huce, kada ya taɓa murfi sai tiyo ya yi laushi.

Katafilar ta koma aiki, allura tana zama ƙasa da tsakiya da safe, ta ɗan haura tsakiya da rana tsaka, ba ta kuma neman ƙarin ruwa. An zuba mata kulant rabi da rabi da tacaccen ruwan da ake ƙara wa batir, wanda ba asid a cikinsa, ba ruwan leda ba, wanda tsabtarsa ta sha ce, gishirinsa yana nan. An ɗaura raga irin ta taga a ƙofar iska don tare gashin kacalla, direba yana kakkaɓe ta duk lokacin da ya sauka salla, kuma duk ranar Juma'a ana karkatar da na'urar haidrolik a hura tsakani. Lagireton dai ya rasa bututu biyu, sauran ma sun tsufa, na gaya wa Alhaji ba zai kai wani ranin ba. Ya ce a bari sai an girbe shinkafa, manoma sun biya bashin haya.